Nawa Zai Shigo Hannunka, Nawa Zai Fita? Jagorar Auna Bashi Kafin Sa Hannu

Bashin farko da na ci a wani kamfanin ba da rance, a kan magana ɗaya na amince: kashi 2 cikin 100 a wata. Jami'in ya juyo mini da takardar, ya ɗora yatsa a inda ya yi 'yar alama da fensir, shafi uku, kowanne na rattaba hannu ban karanta ko layi ɗaya ba. Hankalina yana kan buƙatar da ta kawo ni. Sai a wata na bakwai na zauna da biro da takarda, na ga na biya rabin uwar kuɗin amma kuɗin ruwan da ake cira bai ragu da ko ƙwandala ba. Babu wanda ya yi mini ƙarya. Komai yana rubuce a shafi na biyu. Ni ne ban san tambayar da zan yi ba.

Tambayar kuwa guda biyu ce a haɗe: nawa ne zai shigo hannuna yau, kuma nawa ne zai fita daga hannuna kafin a ce mun rabu? Duk abin da ke cikin wannan jagora hanyar amsa ta ne. Lambobin da zan yi misali da su ba na kuɗin wata ƙasa ba ne. Ka ɗora su a kan kuɗin da kake kashewa, lissafin ba zai canza ba.

Mataki na farko: yanke wa kanka iyaka tun kana gida

Yawancinmu mukan fara da tambayar banki nawa zai iya ba mu. Wannan juya al'amari ne. Abin da banki ke aunawa shi ne ko zai iya karɓo kuɗinsa daga gare ka. Ko za ka ci gaba da rayuwa cikin rufin asiri yayin da kake biya, wannan kai kaɗai ne za ka auna.

Ɗauko bayanan asusunka na wata uku zuwa shida. Kada ka dogara da abin da kake tunawa, domin ƙwaƙwalwa tana rage kashe kuɗi, tana ƙara samu. Rubuta abin da ke shigowa hannunka bayan an cire haraji da sauran abubuwan da ake yankewa. In samunka na hawa da sauka ne, kamar na ɗan kasuwa ko mai aikin hannu, ɗauki watan da ya fi kowanne rauni. Matsakaici yana yaudara, domin ranar biyan bashi ba ta sanin cewa wannan watan kasuwa ta yi sanyi.

A ce 300,000 ke shigo maka a wata. Haya da abinci da sufuri da makaranta da magani da sauran abin da ba makawa sun cinye 190,000. Kana biyan wani tsohon bashi 30,000. Kana ajiye 20,000 don ko-ta-kwana. Saura 60,000. Kar ka ce to 60,000 ne zan iya biya. Akwai kashe-kashen da ba sa zuwa kowane wata amma suna zuwa kowace shekara: gyaran abin hawa, sabunta takardu, rashin lafiyar da ba a shirya mata ba. Tattara su, raba gida 12, cire. Abin da ya rage, ni shawarata kar biyan bashin ya wuce rabinsa. Sauran rabin shi ne numfashinka.

Masu ba da bashi suna da nasu ma'aunin. Sukan haɗa duk bashin da kake biya a wata, har da na gida, su raba da samunka kafin cire haraji. A Amurka an daɗe ana ɗaukar kashi 36 cikin 100 a matsayin iyaka mai kyau, kuma daga 43 zuwa sama bankuna da yawa sukan fara ja da baya. Ka san wannan ma'aunin don ka hango amsar da za a ba ka, amma kada ka mayar da shi naka. Mutum biyu masu albashi ɗaya, ɗaya yana ciyar da kansa kaɗai, ɗaya yana ɗauke da mutum takwas, ma'aunin banki zai nuna su daidai suke, alhali ba daidai suke ba.

Sai ka jarraba lissafin da mummunan hali. Idan samunka ya ragu da kashi ɗaya cikin biyar, za ka iya biya? Idan albashi ya makara wata biyu fa? In amsar ita ce sai ka ciwo wani bashin don biyan wannan, to adadin ya fi ƙarfinka, rage shi tun yanzu.

Da zarar ka tsayar da abin da za ka iya biya a wata, za ka iya juya lissafin ka san girman bashin da ya dace da kai. Mai iya biyan 15,000 a wata, a kan ruwa kashi 18 a shekara, cikin wata 24, bashin da zai ɗauka bai wuce kusan 300,000 ba. Rubuta naka adadin a takarda ka sa a aljihu. Za ka buƙace shi ranar da aka ce maka ai ka cancanci ninkinsa.

Mataki na biyu: duba abin da aka rubuta a kanka

Kafin mai ba da bashi ya ga fuskarka ya riga ya ga tarihinka. A ƙasashe da yawa akwai kamfanonin da aikinsu shi ne tattara bayanan bashin mutane: wa ya ci, nawa, yaushe ya biya, yaushe ya makara. A Amurka manyan uku su ne Equifax da Experian da TransUnion, kuma su ukun suna aiki a Birtaniya. A Jamus Schufa ce, a Indiya an fi sanin CIBIL. Takardar da suke ajiyewa a kanka ita ce rahoton bashi. Daga cikinta ake fitar da lamba ɗaya, makin bashi, wadda ke hasashen ko za ka biya a kan lokaci.

Makin da ya fi shahara shi ne na FICO. Kamfanin Fair Isaac, wanda Bill Fair da Earl Isaac suka kafa a 1956, shi ya fito da shi a 1989, kuma yana tashi daga 300 zuwa 850. Ƙasa da 580 rauni ne, 670 zuwa 739 mai kyau ne, 800 zuwa sama kuwa ƙololuwa. Na CIBIL daga 300 zuwa 900 yake. Saboda haka lamba tsurarta ba ta faɗin komai sai ka san sikelin da aka ɗora ta a kai.

Kamfanin FICO ya bayyana nauyin abubuwan da yake dubawa, kuma ko a ƙasar da ba a amfani da makinsa, tunanin kusan ɗaya ne. Kashi 35 cikin 100 tarihin biya ne. Kashi 30 yawan bashin da ke kanka, musamman yadda ka cika katin bashinka, wato katin da banki ke ba ka ka yi sayayya da kuɗinsa har zuwa wata iyaka, ka biya daga baya. Kashi 15 daɗewar tarihinka. Kashi 10 sababbin basussukan da ka nema, kashi 10 na ƙarshe kuma ire-iren bashin da ka taɓa riƙewa. Dubi biyun farko da kyau, su kaɗai sun kwashe kashi 65. Duk mai son gyara makinsa a nan aikinsa yake.

Abu na biyun yana ba mutane mamaki. Wanda aka ba katin da iyakarsa 100,000, kullum ana bin sa 80,000, ko da bai taɓa makara ba, makinsa zai yi ƙasa, domin alama ce ta mutumin da ruwa ya kai masa wuya. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce kar a wuce kashi 30 na iyakar, kuma ƙasa da haka ya fi. Daɗin wannan ɓangaren shi ne yana saurin gyaruwa: ka rage bashin katin, makin zai motsa cikin wata ɗaya ko biyu. Makara kuwa tabo ce mai daɗewa. A Amurka ba a kai rahoton makara sai ta kai kwana 30, amma in ta shiga takan zauna shekara 7. A Birtaniya shekara 6.

Albashinka ba ya cikin makin FICO. Attajiri mai wasa da ranar biya zai iya samun maki ƙasa da na ƙaramin ma'aikacin da bai taɓa saɓawa ba. Haka kuma wanda bai taɓa cin bashi ba ba shi da maki mai kyau, ba shi da maki ne gaba ɗaya, kuma wasu bankunan sukan ɗauke shi baƙon da ba su san halinsa ba. Ina ganin wannan bai yi wa masu kame kai adalci ba, amma haka tsarin yake, gara mutum ya sani tun kafin ya nema.

Nemi rahotonka ka karanta shi layi-layi. Dokokin ƙasashe da dama sun ba ka damar karɓarsa kyauta, kuma duba naka da kanka ba ya rage maka maki ko ɗaya. Kurakurai suna da yawa fiye da yadda ake zato. Hukumar kula da kasuwanci ta tarayyar Amurka ta fitar da bincike a 2013 da ya nuna mutum ɗaya cikin biyar yana da kuskure a ɗaya daga cikin rahotanninsa. Abin da za ka nema: bashin da ba naka ba, bashin da ka gama biya amma yana nan a buɗe, makarar da ba ka yi ba, sunan wani mai kama da naka da aka cakuɗa da kai. In ka ga kuskure, rubuta wa kamfanin rahoton da wanda ya ba da bashin, ka haɗa da shaidar biya, ka ajiye kwafi. Dokar Amurka ta ba su kwana 30 su bincika. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka yi wannan wata biyu ko uku kafin ka nemi bashi.

Dalilin wannan wahala duka shi ne kuɗi. Maki ne ke yanke ruwan da za a ɗora maka. Bashi ɗaya, banki ɗaya, rana ɗaya, wani a ba shi a kan kashi 12, wani a kan 28.

Mataki na uku: tone ainihin tsadar bashin

A nan ne aka fi cin mutane, a nan ne kuma ni ma na faɗa, don haka zan ɗan daɗe.

Hanya biyu ake lissafa kuɗin ruwa, kuma dukansu ana iya kiran su kashi 2 a wata. Ta farko ita ce ruwa a kan ragowar bashi. Ka ci 100,000 na wata 12. Watan farko ruwan 2,000 ne, domin dukan kuɗin suna hannunka. Biyanka na wata 9,456, saboda haka 7,456 sun tafi rage uwar kuɗi. Wata na biyu ana bin ka 92,544, ruwan ya sauko 1,851. Haka zai yi ta sauka har watan ƙarshe ya zama bai kai 200 ba. Jimlar ruwan da za ka biya kusan 13,470.

Ta biyu ita ce ruwa tsayayye. Ana ɗora kashi 2 ɗin a kan 100,000 na ranar farko, kowane wata, har ƙarshe. Wata na goma sha ɗaya, lokacin da abin da ya rage a kanka bai kai kashi ɗaya cikin biyar na bashin ba, har yanzu 2,000 kake biya, kamar ba ka taɓa mayar da komai ba. Jimlar ruwa 24,000, biyan wata 10,333. Tazarar da ke tsakanin hanyoyin biyu ta haura 10,500 a kan bashi ɗaya mai suna ɗaya. In ka mayar da wannan ruwa tsayayyen zuwa ma'aunin ragowar bashi, abin da aka kira kashi 24 a shekara ya kusa kashi 42. Wannan shi ne abin da ke shafi na biyu na takardata.

Ga dabara mai sauƙi: duk ruwan da aka ce maka tsayayye ne, ninka shi kusan sau biyu, za ka kusanci gaskiyarsa. Kuma ka yi tambayar kai tsaye, da waɗannan kalmomin: "A kan ragowar bashi kuke lissafawa ko a kan uwar kuɗin farko?" In jami'in ya fara kewaye-kewaye, ka ce ya buga maka jadawalin biya wata-wata. Jadawali ba ya ɓoye komai. In layin ruwa yana raguwa, hanya ta farko ce. In yana tsaye cak, ta biyu ce.

Bayan ruwa sai kuɗaɗen gefe. Akwai kuɗin buɗe bashi, kuɗin fom, kuɗin kula da asusu, inshorar da aka liƙa ba ka nema ba. Da yawa ana cire su tun kafin kuɗin su iso gare ka. Koma kan misalin farko, mai ruwa a kan ragowa. A ce an cire kashi 5 na buɗe bashi. Abin da ya shigo asusunka 95,000 ne, amma biyan wata yana nan 9,456, domin a kan 100,000 aka yi lissafi. Kana biyan ruwa a kan 5,000 da ba ka taɓa gani ba. Da wannan kaɗai tsadar bashin ta tashi daga kashi 24 zuwa kusan 34 a shekara. Kuma gwargwadon gajartar wa'adi, gwargwadon zafin irin wannan kuɗin, tunda a cikin 'yan watanni kaɗan zai narke.

Don magance wannan ruɗani ne aka ƙirƙiro ma'aunin da ake kira APR, wato tsadar bashi a shekara idan an haɗa ruwa da kuɗaɗen da suka zama dole. Amurka ta wajabta bayyana shi a wata doka ta 1968, ƙasashen Turai da wasu da dama su ma sun wajabta. Shi ne ma'auni mafi adalci na kwatanta bashi da bashi. Sai dai a yi hattara da wanda ke jikin talla. A Birtaniya, alal misali, doka ta yarda a tallata adadin da aƙalla kashi 51 cikin 100 na waɗanda aka amince wa za su samu. Sauran kusan rabin za a iya ba su mafi tsada. Wanda ke cikin takardar da aka rubuta sunanka shi ne naka.

Ƙananan basussuka na kwana kaɗan su suka fi kowa gudun wannan ma'aunin, kuma da dalili. A ce maka 15 a kan kowane 100 na mako biyu, sai ka ji kamar ba komai. A shekara akwai mako biyu-biyu har 26, saboda haka wannan ya kai kusan kashi 390. Haɗarinsa na gaske yana wurin sabuntawa. Ka ci 20,000, ranar biya ta zo ba ka da su, sai a ce biya 3,000 a ɗaga maka mako biyu. Ka yi haka sau huɗu, ka fitar da 12,000 cikin wata biyu, kuma 20,000 ɗin suna nan daram a wuyanka. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, fitowar ce aiki.

Wanda ke guje wa kuɗin ruwa saboda addini, ya nufi bankin da ke aiki da tsarin Musulunci, shi ma kar ya ajiye biro. A cinikin murabaha banki ne ke sayen kayan ya sayar maka da ribar da aka bayyana tun farko, ka biya kaɗan-kaɗan. Tsarin daban ne, amma har yanzu akwai farashin kayan a kasuwa, akwai jimlar da za ka biya, akwai kuɗaɗen gefe, kuma banki ya fi banki sauƙi. Ka kwatanta.

Mataki na huɗu: zaɓi wa'adi da idonka a kan jimla

In ka ce biyan wata ya yi maka nauyi, abin da za a fara yi maka tayi shi ne ƙarin lokaci. Duba abin da yake haifarwa. Bashin 500,000 a kan kashi 18 a shekara, ruwa a kan ragowa. A wata 24 za ka riƙa biyan 24,962, jimlar ruwa kusan 99,000. A wata 36 biyan ya sauko 18,076, ruwa ya haura 150,000. A wata 48 biyan 14,688 ne kacal, amma ruwan ya kai 205,000. Sauƙin 10,000 a wata ya ci maka fiye da 100,000, ya kuma ƙara maka shekara biyu cur kana ɗaure.

Ba ina cewa dogon wa'adi laifi ba ne. Gajeren wa'adin da zai sa ka makara ya fi shi muni, domin ga tara ga tabo a rahoto. Ɗauki mafi gajarta da ya shiga cikin iyakar da ka rubuta a mataki na farko. Kuma kar bashin ya fi abin da ka saya da shi tsawon rai. Wayar da za ta gaji a shekara biyu ba a biyan ta a shekara huɗu.

Mataki na biyar: kwatanta wuri uku, ba tare da ka raunata makinka ba

Nemi tayi daga wuri uku aƙalla, har da bankin da albashinka ke shiga da ƙungiyar adashi ko ta haɗin gwiwa in kana cikin wata. Amma ka san cewa dubawa iri biyu ce. Akwai ta sama-sama, wadda ake yi don a ba ka kiyasi, ba ta taɓa makinka. Akwai mai zurfi, wadda ake yi in ka cika takardar nema, ita tana rage 'yan maki kaɗan, kuma a Amurka takan zauna a rahoto shekara 2. Guda ɗaya ba abin damuwa ba ce. Guda shida a wata ɗaya kuwa suna nuna mutumin da ke ƙwanƙwasa kowace ƙofa. Tambayi wace iri za su yi kafin ka ba da izini.

Ga kowane tayi rubuta abu huɗu a jere: abin da zai shigo hannunka, biyan wata, yawan watanni, da jimlar abin da za ka biya. Cire na farko daga na ƙarshe. Abin da ya fito shi ne farashin bashin, kuma da shi za ka yi zaɓi.

Mataki na shida: karanta takardar, duka

Ka ce a ba ka kwafi ka tafi da shi gida ka kwana a kai. Mai gaskiya ba zai hana ka ba. Wanda ya ce tayin na yau ne kaɗai, ya riga ya gaya maka ko shi wane ne.

Duba ko ruwan kafaffe ne ko mai canzawa. Mai canzawa yana bin wani ma'auni, galibi na babban banki, in ya tashi biyanka ya tashi. Duba tarar makara: nawa ce, sau ɗaya ake ɗora ta ko kullum, kuma ana ɗora ruwa a kanta? Duba abin da zai faru in ka so biya da wuri. Wasu suna cajin tara a kan haka. Wasu kuma suna amfani da tsohon lissafin nan da ake kira ƙa'idar 78, wanda ke tura yawancin ruwa zuwa watannin farko. A bashin wata 12, kafin ka gama wata na shida sun riga sun karɓi kashi 73 na ruwan, saboda haka biya da wuri ba zai cece ka da yawa ba.

Duba jingina. Bashin da aka jinginar da gida ko mota ya fi sauƙin ruwa domin haɗarin ya dawo kanka. Kar ka jinginar da abin da rasa shi zai rushe maka rayuwa saboda buƙatar da za ta wuce. Duba kuma ikon da ka ba su a kan asusunka: za su iya cira a kowace rana, daga kowane asusu naka, ko a ranar da aka tsayar kaɗai?

Maganar mai tsaya wa mutum tana buƙatar a faɗe ta ƙarara, domin tana raba zumunci. Wanda ya sa hannu a matsayin garanto ba shaida ba ne. Ya ɗauki bashin ne a wuyansa, in mai shi ya gaza shi za a bi, kuma makarar za ta iya shiga rahotonsa. In kai ake roƙo, kar ka tsaya wa adadin da ba za ka iya biya daga aljihunka ba. In kai ke roƙo, gaya wa mutumin gaskiyar abin da zai sa wa hannu.

Alamu biyu kuwa in ka gan su, tashi kawai. Wanda ya ce ka fara tura masa kuɗi kafin ya sakar maka bashi ɗan damfara ne. Manhajar da ta nemi shiga lambobin wayarka da hotunanka tana tanadin abin da za ta ci mutuncinka da shi ne ranar da ka makara. Abin ya yi yawa har Google ya hana manhajojin rance da ke shagonsa neman wannan izini a 2023. Tabbatar mai ba ka bashi yana da lasisin hukumar da ke kula da harkar a ƙasarka. In ka riga ka sa hannu sannan ka yi nadama, duba ko kana da damar janyewa: a Tarayyar Turai da Birtaniya kwana 14 ne, ka mayar da kuɗin tare da ruwan kwanakin da suka yi a hannunka.

Bayan kuɗi sun shigo

Sa ranar biya ta faɗo kwana biyu ko uku bayan ranar da samunka ke shigowa, kuma ka bar banki ya riƙa cira da kansa don mantuwa kar ta ja maka tabo. Duk lokacin da ka sami rara, in takardarka ba ta hana ba, zuba ta a bashin, ka kuma faɗa a rubuce cewa uwar kuɗi kake so a rage. In ba ka faɗa ba, wasu sukan ɗauke ta a matsayin biyan wata mai zuwa. Mai bashi fiye da ɗaya ya biya mafi ƙarancin kowanne, sannan ya tara ƙarfinsa a kan wanda ruwansa ya fi tsada.

Idan ka hango ba za ka iya biyan wani wata ba, kira su kafin ranar, kar ka kashe waya. Na san nauyin wannan kiran, kunya tana riƙe harshe. Amma kafin makara kana da abin ciniki: za a iya ɗaga maka rana, a rage biyan na ɗan lokaci, ko a sake tsara wa'adin. Bayan makara zaɓin yana raguwa. Duk abin da kuka amince a kai, a ba ka shi a rubuce. Haɗa basussuka su zama ɗaya yana taimako idan jimlar sabon ta yi ƙasa da jimlar tsofaffin, har da kuɗin buɗewa, kuma idan ba ka koma ka sake cika katunan da ka share ba.

Ranar da ka yi biyan ƙarshe, karɓi takardar da ke shaida an sallame ka, ka ajiye ta inda kake ajiye takardun gida. Soke umarnin cirar kuɗi daga asusunka, karɓo duk abin da ka ba da jingina, ka sanar da wanda ya tsaya maka cewa ya fita. Bayan wata biyu sake neman rahotonka, ka tabbatar an rubuta bashin a rufe kuma ragowarsa sifili.